Shin awar farko ta isa a yanke wa wasan bidiyo hukunci?

Wani matashi daga Tahoua ya aiko da tambaya, ga taƙaitaccen abin da ya ce. Abokansa na fada sun dame shi da yabon Red Dead Redemption 2 har ya sa aka saka masa shi a PlayStation 4 ɗin yayansa, amma da ya zauna bugawa sai ya tarar da kansa yana jan ƙafa cikin dusar ƙanƙara a bayan wasu mutane masu yawan magana, babu gudu, babu faɗan kirki, har gyangyaɗi ya fara ɗaukarsa. Ya ajiye manet ya ce wasan ba shi da daɗi, sai fada ta rabu biyu: wasu suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wasu kuma suka ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Yana so ya san ko ya yi wa wasan rashin adalci, kuma awa nawa ya kamata mutum ya ba wasa kafin ya yanke masa hukunci.

Ƙanena, babu wani adadin awoyi da ya dace da kowane wasa, kuma duk wanda ya ce maka awa biyu ko awa biyar, ra'ayinsa kawai ya faɗa. Abin da nake dubawa, bayan shekarun da na yi ina gyaran na'urorin wasa a nan Yamai ina kuma kallon yadda yara da manya suke karɓar sabon wasa, shi ne lokacin da wasan ya sakar wa mutum mara, ya daina jan sa da hannu, ya bar shi ya yi aikin da zai riƙa maimaitawa har zuwa ƙarshe. Kowane wasa yana da irin wannan aiki. A PES aikin shi ne karɓar ƙwallo, miƙa ta da neman raga. A Free Fire shi ne dira daga jirgi, tattara makami, ɓuya da harbi. A God of War kuwa sara ne da kaucewa da hawan bango. Muddin ba ka taɓa wannan aikin da hannunka ba, hukuncinka bai cika ba, ko da ka kwana a gaban talabijin. Da zarar ka taɓa shi kuma ka ji bai kwanta maka ba, to babu wani dalilin da zai sa ka ci gaba da azabtar da kanka don kawai abokai sun yaba.

Kafin in zo kan wasan naka, yana da kyau ka san cewa farkon wasa shaida ne mai son zuciya, domin nan ne masu ƙera wasa suka fi zuba kuɗi da basira, kuma kasuwa ce ta koya musu haka. A zamanin injinan da ake jefa wa tsabar kuɗi a shaguna, wasan da bai kama mutum cikin minti ɗaya ba ya rasa tsaba ta biyu. Nolan Bushnell ya ga hakan da idonsa: Computer Space da ya fitar a 1971 ya yi wa jama'a wuyar fahimta, Pong kuwa da kamfaninsa na Atari ya fitar a 1972 ko yaro yana gane shi da kallo ɗaya, kuma shi ne ya ci kasuwa. A 1993 kamfanin id Software ya raba kashin farko na Doom kyauta, matakai tara, don wanda ya ɗanɗana ya aika kuɗi ya sayi sauran. John Romero, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara matakan Doom, yana ba masu koyon sana'ar shawarar su bar ginin matakin farko sai can ƙarshen aiki, lokacin da hannunsu ya faɗa kuma suka san duk abin da wasan ya ƙunsa. Sannan tun daga watan Yunin 2015 shagon Steam, wanda ya fi kowane girma wajen sayar da wasannin kwamfuta, yana mayar wa mai saye kuɗinsa idan bai wuce kwana 14 da sayen ba kuma bai kai awa 2 yana bugawa ba. Ka ga ke nan duk mai sayar da wasa a can ya san awa biyun farko ne suke riƙe masa ciniki, kuma ba zai yi wasa da su ba ko da sauran tafiyar ba ta kai su kyau ba.

Duk da haka akwai abin da farkon wasa ba ya iya ɓoyewa, wato yadda wasan yake a hannu, da kuma irin kallon da masu shi suke yi wa hankalin ɗan wasa. Misalin da ake koyar da ɗalibai da shi har yau shi ne matakin farko na Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa na Nintendo suka fitar a 1985, kuma na san da yawa daga cikinmu a kansa muka fara riƙe manet. Mario yana tsaye a gefen hagu, fuskarsa tana kallon dama, gabansa fili ne fetal, don haka ba sai an gaya maka inda za ka nufa ba. Wata ƴar halitta ta taho a ƙasa tana nufo ka, ka tsaya ta kashe ka, ka koyi tsalle. A sama akwai akwatuna masu alamar tambaya suna walƙiya, ka buga ɗaya da kai, wani naman kaza ya fito ya gangara dama, ya faɗo ƙasa, ya bugi koren bututu ya juyo kanka. Tun da ka riga ka koyi tsoron abin da ke tafiya a ƙasa, za ka so ka tsallake shi, amma tubalan da ke saman kanka sukan tare tsallen, ya taɓa ka, sai ka ga ka ƙara girma maimakon mutuwa. Bututun da ke gaba suna ƙara tsawo, ka gane cewa daɗewar yatsa a kan maɓalli tana ƙara nisan tsalle. Can kusa da ƙarshe akwai matakala biyu da ƙasa a tsakaninsu, sannan wasu biyun da rami a tsakani, wato an ba ka wurin gwaji kafin wurin mutuwa. Duk wannan ba a rubuta maka ko kalma ɗaya ba, kuma cikin minti biyu ka riga ka yi aikin da za ka yi har mataki na ƙarshe. Wanda bai ji daɗin tsallen Mario a nan ba, ba zai ji daɗinsa a gaba ba, kuma hukuncinsa na minti biyu hukunci ne mai tushe.

Haka Resident Evil 4 na 2005 yake, wanda masu PlayStation 2 suka sani sarai. Ba ka daɗe da farawa ba za ka shiga ƙauyen nan, mutanen gari su yo kanka da lauje da gatari ta kowace kusurwa, ka faɗa wani gida ka tura kabad ka tare ƙofa, su kafa tsani ta taga, mai zarton inji da buhu a kai ya fasa ƙofar, harsashinka yana ƙarewa, sai ƙararrawar coci ta kaɗa kowa ya watse. Wannan fage ya faɗa maka gaskiyar wasan gaba ɗaya: ba ka iya tafiya kana harbi, kowane harsashi da lissafi, kuma wurin tsayuwa ya fi saurin yatsa muhimmanci.

To, ina matsalar wasannin da suke farawa da sanyin jiki? Matsalar ita ce abubuwa mabambanta ne muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wasan da yake tafiya a hankali don yana gina wani abu a zuciyarka da zai yi amfani da shi daga baya. Half-Life na 1998 yana farawa da kai a cikin ƙaramin jirgin ƙasa kana shiga wurin aiki, mintoci suna wucewa babu makami babu abokin gaba, kana gaisawa da masu gadi da masana kimiyya, kana saka rigar aiki. Amfanin wannan duka yana fitowa ne bayan wani gwajin kimiyya da ake yi a wurin ya lalace, lokacin da ka biyo ta waɗannan ɗakunan ka gan su a rushe, ka ga mutanen da ka gaisa da su a kwance. Da an fara da harbi tun minti na farko, da rushewar ba ta taɓa ka ba. GTA San Andreas na 2004 ma da keke yake fara ka, bayan ƴan sanda sun yar da jarumin wasan, CJ, a unguwar abokan gaba, kuma biranen San Fierro da Las Venturas a rufe suke sai labari ya yi nisa. Amma ba na jin wani ya taɓa kukan cewa farkonsa ya gundure shi, saboda tun daga kan keken nan birnin Los Santos a buɗe yake, kana iya sauka ka ƙwace mota ka yi ta yawo.

Akwai kuma wasan da jinkirinsa ba ya gina komai, sai dai masu shi ba su yarda da kai ba ne, suna tsoron kada ka ruɗe in sun ba ka kayan aikin gaba ɗaya. Wannan shi ne wanda nake kira aibi ba tare da kwana-kwana ba. Final Fantasy XIII, wanda ya fito a Japan a 2009, yana da babi 13, kuma sai a babi na 11 ne yake sakin mutum cikin fili mai faɗi, bayan yawancin ƴan wasa sun kashe sama da awa 20 suna bin siririyar hanya guda ɗaya, ana zaɓa musu waɗanda za su yi faɗa da su, ana buɗe musu dabarun yaƙi kaɗan-kaɗan. Tsarin faɗansa yana da kyau ƙwarai in ya cika, amma awa 20 ta isa mutum ya gama wani wasan tun daga farko har ƙarshe. The Legend of Zelda: Twilight Princess na 2006 yana sa ka kiwon awaki, ka kamo wa kyanwa kifi, ka ƙwato kwandon jariri daga hannun biri, duk kafin ka shiga babban wurin faɗa na farko. Assassin's Creed III na 2012 yana sa ka buga kashi uku na farko da uban jarumin, sannan ka bi yarintar jarumin kansa, kafin ya saka rigar da aka zana a bayan faifan da ka saya. Shaidar cewa wannan ba raki ne na ƴan wasa ba ita ce, su kansu kamfanonin sun koma sun rage. Da Nintendo ya sake fitar da Skyward Sword, wani wasan Zelda, a 2021, ya rage katsalandan ɗin da mai ba da shawara take yi wa ɗan wasa, ya kuma ba da damar tsallake fina-finan labari. Square Enix ma a 2020 ya datse ayyuka da yawa daga kashin farko na labarin Final Fantasy XIV, saboda nan ne sababbin shiga suke gajiya su tafi. Kuma in kana son ka ga yadda kamfani ɗaya ya koyi darasi, dubi Breath of the Wild, wasan Zelda da Nintendo ya fitar a 2017: an tsare ka a kan wani tudu mai faɗi, amma a cikinsa kana hawan duk bangon da ka ga dama, kana sare itace, kana dafa abinci, sanyi yana kashe ka in ba ka yi shiri ba, kuma wuraren gwaji huɗu suna ba ka manyan kayan aikin da za ka yi amfani da su har ƙarshe. Darasi ne na awa ɗaya ko biyu, amma ba ka jin ana koyar da kai.

Sai kuma wani abu da mutane suke rikita shi da jinkiri, alhali wuya ce. Wanda ya fito fili a Elden Ring na 2022 ya ga wani jarumi mai sulken zinariya a kan doki, ya far masa, aka kashe shi sau goma, sai ya ce wasan ba ya ci gaba. Ci gaban yana nan, an ajiye mahayin nan ne da gangan don ka koyi cewa ba kowane faɗa ake shiga yau ba, ka zagaye shi ka dawo bayan ka yi ƙarfi. A irin waɗannan wasanni, abin da ke canzawa bayan awa biyar ba wasan ba ne, hannunka ne, shi ya sa haƙuri yake da riba a nan fiye da ko'ina. Amma ba kowace wuya ce mai ma'ana ba. Tsofaffin ƴan PlayStation ta farko za su tuna Driver na 1999, wanda yake tsare mutum a garejin ajiye motoci ya ce sai ya yi jerin dabarun tuƙi cikin daƙiƙa 60 kafin ya ga titi, kuma ba a bayyana masa yadda ake yin su ba. Yara da yawa ba su taɓa fita daga garejin nan ba, alhali wasan da ke bayansa ya fi jarrabawar sauƙi da daɗi nesa ba kusa ba.

Ban so in bar ka da tunanin cewa hatsarin yana gefe ɗaya ne kawai, domin a ganina farko mai zaƙi ya fi farko mai sanyi cutar da mutane, musamman a salula, inda yawancin ƴan wasanmu suke. Wasan da ake saukewa kyauta ba ya samun ko dala sai ka daɗe a cikinsa, kuma masu shi suna auna yawan waɗanda suka dawo washegari, da bayan kwana 7, da bayan kwana 30, suna gyara farkon bisa wannan lissafi. Shi ya sa a Clash of Clans, wanda ya fito a 2012, ginin farko yake kammala cikin daƙiƙoƙi, kyaututtuka suna zubowa, kana hawa mataki bayan mataki. Sai ka saba, ka shiga ƙungiya, ka tara abin da ba ka son rasawa, sannan gini ɗaya ya koma cin kwanaki, a nuna maka cewa da ɗan kuɗi za a gama shi yanzu. Candy Crush Saga yana ba ka rai biyar, kowanne yana dawowa bayan minti 30, kuma matakan farko da wuya ka faɗi a cikinsu har ka san da wannan ƙa'ida. A irin waɗannan, awar farko talla ce, ainihin wasan yana bayyana ne ranar da aka fara sa ka jira. A manyan na'urori ma ana samun haka ta wata fuska. Brütal Legend na 2009 ya fara kamar wasan sara da tuƙi, daga baya ya rikiɗe ya zama na jagorancin runduna, abin da da yawa daga masu saye ba su zata ba. Fahrenheit na 2005 yana da ɗaya daga cikin farko mafi kama zuciya da na sani, inda kake ƙoƙarin ɓoye gawa da goge jini a ban-ɗakin wani gidan abinci kafin ɗan sanda ya shigo, sannan ka koma kana buga masu binciken da ke neman ka. Amma kashi na ƙarshe na labarin ya watse har ba a gane kansa.

Game da shaidar abokanka kuwa, ka karɓe ta amma ka san rauninta. Waɗanda suke ce maka ka yi haƙuri zai yi daɗi a gaba su ne waɗanda wasan ya dace da su har suka kai gaban. Waɗanda suka ajiye shi a hanya ba su cika zama suna ba da labarinsa ba. Kuma wanda ya kashe awa 60 a kan abu yana jin nauyin ya ce bai ci riba ba. In kana son ka ga girman wannan, buɗe jerin kofunan wasan, wato lambobin yabo da ake ba ɗan wasa in ya kai wani matsayi, a PlayStation ɗinka idan tana haɗe da intanet, domin kowane kofi yana nuna kashi nawa cikin ɗari na ƴan wasa suka same shi. Gwada na kammala babin farko da na kammala labari, za ka ga yadda jama'a suke zubewa a hanya, har a wasannin da duniya ta yaba. Saboda haka kada ka tambayi aboki ko wasan yana yin daɗi a gaba. Ka tambaye shi: mene ne zan riƙa yi da hannuna a gaba wanda ba na yi yanzu? In ya ce za a buɗe maka taswira, za ka sami sababbin makamai, za ka zaɓi inda za ka, to akwai abin jira. In kuwa ya ce abin ɗaya ne sai dai labarin yana ƙara zafi, to ka duba ko abin da kake yi yanzu yana yi maka daɗi, domin shi za ka ci gaba da yi. Ku masu zaman fada kun san kofin shayi na farko ɗaci gare shi, na uku kuma zaƙi, amma ganyen ɗaya ne: wanda ɗacin ne ya dame shi yana iya jiran kofi na biyu, wanda kuwa ƙamshin ganyen ne bai yi masa ba, ko an kai na uku bai tsira ba.

Akwai kuma abin da masu sharhin wasanni na Turai da Amurka ba sa sakawa a lissafi, wato halin da muke bugawa a ciki. Wasan da aka tsara farkonsa don mutum ɗaya a ɗaki shiru, da dare, ba zai yi armashi ba a gidan wasa inda ake biyan kuɗin lokaci, mutum huɗu suna kan benci suna jiran manet, na kusa da kai kuma suna ihun an ci ƙwallo. A can kowane minti na kallon fim ɗin labari kuɗi ne yake tafiya, shi ya sa PES da FIFA da Mortal Kombat suka mallaki waɗannan wurare, kuma ba laifin kowa ba ne. Ga ɗaukewar wuta a watannin Afrilu da Mayu, wadda kan sa mutum ya maimaita doguwar gabatarwa sau biyu ko uku in wasan bai adana inda ya tsaya ba, kuma babu farkon da yake jure maimaici komai kyansa. Sannan ga harshe, wanda a ganina shi ne babba. Farko mai sanyi yakan ɗora nauyinsa ne a kan magana, kuma a Red Dead Redemption 2 muryoyin duk da Turancin Amurka suke, na karkara ma, Faransanci sai dai a rubuce a ƙasan allo. Wanda yake ƙoƙarin riƙe doki a kan hanya yana kuma karanta ƙananan haruffa daga nesa, rabin zancen yana wuce shi, abin da ya rage masa kuwa tafiya ce kawai cikin ƙanƙara. Ba mamaki ka yi gyangyaɗi. Manet ɗin PlayStation 4 yana da ramin saka abin sauraro na kunne irin na salula. Ka saka shi, ka kunna rubutun Faransanci, ka matso kusa da allo. Ga wanda kuma bai riga ya sauke wasa ba, musamman irin wannan da ya kai kimanin giga 100, shawarata ita ce ya nemi bidiyon tsakiyar wasan a YouTube, minti goma da ba a yanka ba kuma ba mai surutu a kai, maimakon tallar kamfani ko awar farko, kafin ya ƙona kuɗin intanet ɗinsa.

Yanzu ga hukuncina a kan naka. Ka yi gaggawa, amma ba sosai ba. Babin farko, wanda ake yi a wani yasasshen garin haƙar ma'adinai mai suna Colter a shekarar 1899 ta cikin labarin, gajere ne: ku ceto wani ɗan ayarinku mai suna John Marston daga kyarketai, ku far wa sansanin abokan gaba, ka koyi farautar barewa da baka, ku tare jirgin ƙasa, sannan ayarin ya gangaro daga duwatsu. Kamfanin Rockstar, mai wasan, ya matse ka a nan da gangan don ka ji yunwa da sanyin da mutanen suke ciki, kuma saukowa cikin koren fili ta zame maka kamar an buɗe ƙofar kurkuku. Ni ina ganin sun ɗan wuce gona da iri wajen riƙe hannun ɗan wasa, amma ba su yi maka ƙarya ba. A babi na biyu, idan kuka kafa sansani a Horseshoe Overlook kusa da garin Valentine, taswira za ta buɗe, ka hau dokinka ka nufi inda ka ga dama, ka yi farauta ka sayar da fata, ka kamo waɗanda hukuma take nema, ka gamu da baƙi a hanya masu neman taimako ko masu shirin yi maka fashi. Wannan shi ne aikin da wasan ya ginu a kai, kuma ba ka taɓa shi ba tukuna.

Abin da ba zai canza ba kuwa, gara ka sani tun yanzu. Arthur Morgan, jarumin da kake bugawa, zai ci gaba da nauyin jiki har ƙarshe: zai buɗe aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya, zai durƙusa ya feɗe dabba kana kallo, ba zai yi gudu a cikin sansani ba, bindiga tana son gogewa, doki yana son abinci da shafa, kuma kusan kowane aiki yana farawa da doguwar tafiya ana hira. Ayyukan labarin ma a matse suke, in ka kauce daga inda aka ce ka tsaya sai a ce ka faɗi. In waɗannan ne suka gundure ka a cikin ƙanƙara, ba rashin ƴanci ba, to babi na biyu ba zai warkar da kai ba. Ka ƙarasa babin farko, ka ba babi na biyu zama biyu, ɗaya ka bi ayyukan labari, ɗaya kuma ka yi yawo ba tare da bin alamar taswira ba. In ka tashi daga zama na biyun kana tunanin inda za ka nufa gobe, ka ci gaba. In kuwa agogo kake dubawa, ka goge shi ka ba yayanka filin na'urarsa.